'Yan gida ne, amma an shimfiɗa musu tabarmar baƙi

Shekaru da dama ɗaliban sakandare a Ingila sun karanta waƙoƙin Moniza Alvi da Sujata Bhatt da Imtiaz Dharker a kundin hukumar jarrabawa ta AQA, a sashen da aka ware wa waƙoƙin wasu al'adu na daban. Niyyar mai kyau ce, amma a ganina wariyar ta gurgunta karatun.

Ɗauki Alvi. A Lahore aka haife ta a 1954, uba ɗan Pakistan, uwa Baturiya, tana 'yar watanni aka kai ta Ingila, a Hertfordshire ta girma. Ba ta sake taka Pakistan ba sai bayan fitowar littafinta na farko a 1993. To ina baƙuntar? A waƙarta kan tsarabar gwaggonninta, a ƙunshe Pakistan ke iso mata: riguna masu walƙiya, da awarwaron gilashi da ya karye ya fitar mata da jini. Ita kuwa wandon jins take kwaɗayi. Su ma gwaggonnin, abin dariya, rigunan sanyi na kantin Marks & Spencer na Ingila suke roƙo a aika musu.

Dalilin da ya sa mata suka fi rubuta irin wannan ba ɓoyayye ba ne. Idan iyali suka yi ƙaura, ɗa namiji na iya sajewa da gari ba mai cewa uffan, amma 'ya mace ake ɗora wa riƙon ƙasar da aka baro, a suturarta da girkinta da mijin da za ta aura. Saboda haka ne mai karatu a Turai ke saurin ɗaukar waƙoƙin a matsayin kukan macen da al'ada ta danne, ya tsaya nan.

Dharker ba ta yarda a tsaya nan ba. Haifaffiyar Lahore ce, a Glasgow ta Birtaniya ta tashi, ta yi shekaru a Mumbai. Littafinta na 1989, Purdah, ya caccaki kulle ba sassauci, gaskiya ne. Amma a 2006 ta juyo kan Birtaniya da littafinta The Terrorist at My Table, kan yadda ake yi wa Musulmi kallon tuhuma. Wanda ya yaba na farko ya kau da kai daga na biyun, son zuciyarsa ya karanta.

A 2014 aka ba ta lambar zinariya ta Sarauniyar Ingila kan waƙa. Da wuya a bai wa baƙo wannan.