Kwana 19 ƙanena na kwance ana jiran sukurori

Ƙanena birkila ne. Ranar wata Laraba katakon da yake tsaye a kai ya karye, ya faɗo daga hawa na biyu, bayansa ya daki bulo. Abokan aikinsa suka kama hannu suka kama ƙafa, suka naɗe shi a adaidaita sahu kamar tabarma. Ban ga laifinsu ba. Wa ya taɓa gaya musu cewa wanda ya karye a baya shimfiɗe shi ake yi a miƙe a kan abu mai tauri, ko da ƙyauren ɗaki ne? Wace motar asibiti kuma za su kira?

Da muka isa asibiti yana iya motsa yatsun ƙafarsa ta dama. Da idona na gani.

Likita ya duba hoto ya ce ƙashin farko na ƙugu, wanda suke kira L1, ya farfashe, ɓarɓashinsa na danne laka, sai an yi MRI, wato hoton da ke nuna lakar kanta. Injin fa? Ya lalace, wai ana jiran injiniya. Haka muka sake ɗaukar mai karyayyen baya zuwa wurin ɗaukar hoto na 'yan kasuwa, duk ramin da mota ta faɗa sai ya ƙwalla ƙara.

Aikin kansa likitan ya yi mini bayaninsa dalla-dalla, kuma na gode masa. Za a buɗe bayan, a janye abin da ya danne laka, a ɗaura sukurori na titaniyam a ƙasusuwan sama da na ƙasa, a haɗa su da sanduna biyu su riƙe wurin har ya haɗe. Ya ce in son samu ne a yi cikin awa 24, don laka ba ƙashi ba ce, in ta mutu ba ta tohowa. Yana gama faɗin haka sai ya miƙo mini lambar wayar dillali. Asibiti ba ya ajiye sukuru ko ɗaya! Daga waje ake shigo da su, da dala ake lissafi, kuma tun da aka saki naira a 2023 kowa ya san yadda dala ta yi da mu. Dillalin ya ce, "Malam, sai na ga alat."

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba mai neman agajin gaggawa. Ta 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. To ina birkila mai aikin yini ya ga inshora? A takarda kawai suke.

Muka sayar da fili, Inna ta kai tumakinta kasuwa. Dangi suna ta matsa mana mu kai shi wurin mai ɗori, har kawu ya yi fushi da ni. Na ƙi, don jan baya mai ɓarɓashi ƙarasa shi ne. Amma wallahi na fahimci masu zuwa, mai ɗori ba ya cewa sai ya ga alat.

Kuɗi suka haɗu, aka ɗage aikin sau biyu, yau babu jini, gobe layi ya yi tsawo. Ana so a riƙa juya shi duk bayan awa 2, ga nas ɗaya a ɗaki guda cikin dare. Ni da matarsa muka koyi juyin, muka koyi zubar da jakar fitsari, duk da haka gyambo ya ɓulla a ƙugunsa, har warinsa na tarar mutum tun daga ƙofa.

Rana ta 19 aka yi aikin. Hoton ya yi kyau, sukurori 8 reras. Yatsun nan kuwa tun sati na farko suka daina motsi. Masu ce mini ƙaddara ce, na yi imani da ƙaddara, amma lalataccen inji da lambar dillali aikin mutane ne.

Jiya ya ce mini, "Yaya, yaushe za a fara gashin ƙafar?" Na je na tambaya. Sun ce mu dawo bayan sati 6.