Hanyar shiga gona haƙƙi ce

Labarin da na ji na wani manomi da maƙwabcinsa ya toshe masa hanyar gona da shinge ya taɓa ni, don irinsa muke gani a Damagaram kowace damina. Amma ban yarda da masu cewa kowa na da ikon yin abin da ya ga dama a filinsa ba. Dokar da Nijar ta gada daga Faransa ta ce wanda gonarsa ta shige tsakiya, ba ta da mafita zuwa hanyar jama'a, yana da haƙƙin ratsa ta maƙwabci, sai dai ya biya diyyar ɓarnar da ratsawar ta jawo.

Ruwa ma da ƙa'idarsa. Na gangare dole ya karɓi ruwan da ya sauko da kansa daga tudu, amma ruwan rufin ɗakinka a filinka zai zuba ko a titi. Ku duba lungunan Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, mutum ya juya indararonsa kan katangar ƙasar maƙwabci, kafin kaka katangar ta zube, kuma wallahi marasa ƙarfi abin ya fi cutarwa.

Dokar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin kula da filaye da ake kira Kofo. Duk wanda ya ba maƙwabcinsa hanya, don Allah su je gaban mai gari da Kofo a rubuta, domin dattawan da suka yi maganar baka suna rasuwa, magada kuma su ce ba su san zancen ba.