Masu tallar kiwon zomo, ku riƙa faɗin abin da bazara ke yi masa

Tallar kiwon zomo da ta cika Facebook da TikTok ta kai inda ya kamata a tanka mata. Lissafin nasu ba ya canzawa: ka sayi mata biyu da namiji guda, ciki kwana 31, kowace haihuwa 'ya'ya shida ko takwas, kafin shekara ta zagayo gida ya cika. Matasa da matan aure a karkarar Kano da Jigawa na zuba ɗan jarinsu a kai. Babu mai bidiyon da ke nuna watan Afrilu, lokacin da zomayen ke zubewa ɗaya bayan ɗaya, sauran da suka tsira kuma a miƙa wa yara su yi wasa da su, ko a sake su a bayan gari da sunan an yi musu alheri.

Sakin nan kisa ne. Zomon gida ba zomon dajinmu ba ne. Asalinsa daga yankin Sifaniya da Fotugal yake, kakanninsa a rami suke wuni, inda ƙasa ke da sanyi. Wanda aka haifa a keji bai san kare ba, bai san shaho ba, bai san inda ruwa yake ba.

Zafi shi ne babban makashinsa a wajenmu. Zomo ba ya gumi yadda mutum ke yi, ta kunnuwa da numfashi yake rage zafin jiki. Daga digiri 30 ya fara rage cin abinci, idan aka haura 35 rayuwarsa na cikin haɗari, a Gumel ko Haɗeja kuwa bazara na taɓa 40 har ta wuce. Amma za ka ga keji da rufin kwano a tsakar gida, rana na dukansa tun daga hantsi. Idan zomo ya miƙe yana haki, hancinsa ya jiƙe, kunnuwansa sun yi ja, an kusa makara. A kai shi inuwa, a shafa wa kunnuwan ruwa mai ɗan sanyi, kada a tsoma shi cikin bokiti. Keji na son ƙarƙashin darbejiya, rufin ciyawa ko zana a kan kwanon, iska na ratsawa ta ɓangarori biyu. Namiji ma ƙarfin haihuwarsa na raguwa a zafi, don haka barbarar Maris da Afrilu yawanci asara ce.

Sai kuma tatsuniyar da ta fi ba ni haushi, wai zomo ba ya shan ruwa. Wanda ya fara faɗin haka ya ga zomo a damina yana cin ɗanyen ganye ne. A rani, da dusa da busasshiyar harawa, uwa mai shayarwa na iya shan kusan lita guda a wuni. Hana ta ruwa, nono ya ƙafe, wani lokaci ta cinye jariran, sai a ce muguwar uwa ce a sayar da ita. Haka ake yi mata ƙazafin ta yi watsi da 'ya'ya don ba a ganinta a kansu, alhali sau ɗaya ko biyu take shayarwa a wuni, na 'yan mintuna, galibi da dare.

Abinci ma haka. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro, hanjinsa kuma ba ya aiki sai da abu mai tauri. Harawar gyada da ta wake su ne tushe, ganyen dankalin Hausa da zogale ƙari, dusa kaɗan. Sauran tuwo da burodi kumburin ciki suke kawowa, kuma zomo ba ya iya amai. Idan zawo ya kama yaye, abin da ake yi shi ne a ruga kemis a sayo Ampiclox ko Amoxil a ɗura masa. Wannan dangin maganin, in ta baki aka ba shi, yana kashe ƙwayoyin da ke narka abinci a hanjinsa, ya ƙarasa shi. Zawon yaye sau da yawa daga kashin da ya taru a ƙasan keji yake, maganinsa daban ne, malamin dabbobi ya san shi.

Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, amma har yau ta kunne ake ɗaga shi a kasuwa yana wutsil-wutsil. Ƙashin bayansa ba shi da ƙwari, shuri ɗaya a iska na iya karya shi. Hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallafi gindi, shi ke nan.

Masu cewa mutane na fama da yunwa ana zancen zomo sun manta jarin talaka ne ke mutuwa a kejin. Babu mai cewa a daina yanka, naman halal ne. Amma kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, kuma ban ga dalilin da zai fitar da zomo daga wannan hukunci ba.

Wanda ya gaji da kiwo ya nemi makiyayin da ya iya ya ba shi, ko ya yanka. Mai karɓa kuma ya duba cikin kunne ko akwai ɓawon ƙazuwa, ya ware baƙon aƙalla mako biyu, domin cutar zubar jini ta zomaye da ta ɓulla a Kwara a 2020 ta nuna abin da baƙo ɗaya zai iya jawo wa garke. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe tana bincike kan zomo. Malaman gona na ƙananan hukumomi su ɗauko wannan ilimi su kai shi rediyo da kasuwannin mako kafin bazara mai zuwa, tunda masu bidiyo kuɗinsu a sayar da iri yake.