Takardar Ɗaukar Sababbin Malamai: Duk Nauyi a Wuyan Mutum Ɗaya

Abin takaici ne matuƙa yadda hukumomin ilimi a wurare da dama suke ɗaukar sabon malami, su tura shi aji ya fara koyarwa, alhali takardar da ta fayyace haƙƙinsa ba za ta iso hannunsa ba sai bayan watanni. Idan ta iso kuma, sai ya tarar shafukanta cike da abin da ake buƙata daga gare shi: lokacin zuwa, yawan darussa, da amincewa da canjin wurin aiki duk inda aka ga dama. Ranar fara biyan albashi, tsawon lokacin gwaji da hanyar ɗaukaka ƙara kuwa, ko a yi shiru a kansu, ko a dunƙule su cikin jimla guda mai cewa hukuma ce za ta yanke. Wace irin yarjejeniya ce wannan, wadda mai ƙarfi ya rubuta shi kaɗai, aka miƙa wa mai neman abinci ya sa hannu a tsaye?

Mafi muni shi ne kwantiragin wucin gadi da ake sabuntawa shekara-shekara. Malamin yana ɗaukar darussa daidai da abokin aikinsa na dindindin, wani lokaci ma fiye, amma babu fansho, babu ƙarin girma, kuma a wasu wuraren kwantiragin kan ƙare daidai lokacin dogon hutu domin kada a biya shi albashin waɗannan watanni. Wanda bai san makomarsa a zango mai zuwa ba, ta yaya zai buɗe baki ya koka kan cunkoson aji?

Kada wani jami'i ya ce bai san ƙa'ida ba. Tun ranar 5 ga Oktoba, 1966, aka amince a Paris da shawarwarin UNESCO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan matsayin malamai, inda aka ce lallai a san tsawon lokacin gwaji tun farko, a gaya wa wanda bai tsallake ba dalili, a kuma ba shi damar kare kansa. Ranar ce ake bikin malamai kowace shekara, a sha jawabai, a watse. Rahoton UNESCO na 2024 ya nuna duniya tana buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, amma waɗanda suka amsa kiran haka ake wulaƙanta su tun daga bakin ƙofa.

Shugabannin makarantu ma ba su tsira ba. Akan naɗa mutum a matsayin riƙon ƙwarya, a ɗora masa alhakin kuɗi, gine-gine, jarrabawa da tarbiyyar ɗaruruwan yara, a bar shi shekaru ba tabbatarwa, ba alawus ɗin muƙami. Ranar da rufin aji ya faɗo ko sakamako ya lalace, a nan ne kawai hukuma take tuna cewa shi ne shugaba, ta aiko masa da takardar tuhuma.