Fijon Alhaji Ta Ƙi Dama

ALHAJI: Oga, an ɗaura rak ɗin sitiyarin, ƙarfen nan mai haƙora da ke juya tayoyi?

OGA: Tun yaushe! Ni da na kama sifana tun Gowon yana mulki? Fijo 404 ko ido a rufe sai in kwance ta in mayar.

YARO: Oga, wannan da muka sayo a Ƙofar Ruwa na motar da sitiyarinta ke hagu ne. Ta Alhaji kuwa 'yar 1969 ce, sitiyarinta a dama yake, tun kafin a sauya hannun tuƙi a 1972.

OGA: Kai, wa ya tambaye ka tarihi? Tsawo ɗaya, haƙora ɗaya, tayarod ɗaya. Kifa shi na yi ya zauna daram.

YARO: To ai da ka kifa shi, ɗan giyar da ke cizon haƙoran ya koma ƙasa. Tayar za ta riƙa...

OGA: Miƙo min sifana sha huɗu, ka rufe baki.

(Sha huɗun tana aljihun Oga tun safe. Kullum a can take.)

ALHAJI: Bari in ɗana. Motar marigayi Baba ce, da ita aka ɗauko Hajiya ranar ɗaurin aure.

Alhaji ya tayar, ya murɗa sitiyari dama. Fijo ta yi hagu, ta nufi teburin mai shayi.

ALHAJI: Innalillahi! Dama na yi!

OGA: Baƙunta ce, Alhaji. Mota ta shekara ashirin a kan bulo, dole ta yi gardama.

ALHAJI: Wace irin baƙunta? Na sake yin hagu ta yi dama!

OGA: Ka gani ko? Tana amsawa. Aikina ba ya ƙarya. Ko turawan Faransa da suka ƙera ta sai sun zo sun durƙusa a garejin nan.

MAI SHAYI: Ƙwaina fa? Kiret guda!

OGA: Yaro ne bai ɗaure noti ba.

YARO: Oga, ni burodi ka aike ni saye.

ALHAJI: A cire shi, a nemo na hannun dama.

OGA: Na dama sai an tona ƙasa, kuma kuɗin aiki sabo ne. Ni shawarata, in za ka dama ka murɗa hagu kawai. Ɓarawo ma ba zai kai bakin titi da ita ba.

ALHAJI: In na shiga gari fa?

OGA: Cikin 'yan adaidaita? Wallahi ba wanda zai lura.