Dokar daidaito ta zo, amma malamar Aboabo ba ta da takardar aiki

Tun da majalisar dokokin Gana ta zartar da dokar daidaita damar maza da mata a watan Yulin 2024 ake ta lissafin kujeru: kashi 30 cikin 100 na muƙamai ga mata zuwa 2026, rabi da rabi zuwa 2030. Madalla. Sai dai lissafin bai kai kan malamar makarantar kuɗi a unguwar Aboabo ta Kumasi ba, ko yarinyar da ke tsare wa wani shago a kasuwar Kejetia. Su fargabarsu ranar da ciki zai fito.

Abin haushi, dokar da ta kare su ta haura shekara 20. Dokar ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, ta ba mai haihuwa hutun aƙalla mako 12 da cikakken albashi, ban da hutunta na shekara. In tagwaye ne ko haihuwar ta zo da gardama, a ƙara mako 2. In ta koma aiki, tana da awa ɗaya ta shayarwa kullum. Korar mace saboda ciki kuwa dokar ta haramta.

To ina gizo ke saƙa? A takarda. Dokar ta ce aikin da zai kai wata 6 sai an rubuta shi, amma a zango da baki ake ɗaukar aiki. Kawu ya sa baki, a ce "zo ki fara ranar Litinin". Albashi hannu da hannu, ba rasit, ba zubin asusun fansho na SSNIT. Ciki ya tsufa, babu mai furta kora. Abin da za a ce shi ne, "Hajiya, je ki huta, in kin yi arba'in ma yi magana." Kafin arba'in an sa wata. Ita kuma kunyar kawun da ya kawo ta ba za ta bar ta ta kai ƙara ba, kuma masu wurin sun san da haka.

Don haka tun watan farko mace ta nemi takardar ɗaukar aiki. In an hana, a riƙa biyanta ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, saƙon wayar ma shaida ne. Lokacin hutu ta miƙa takardar likita ko ta ungozomar asibiti mai nuna ranar da ake sa ran haihuwa, ta ajiye kwafi. In an maye gurbinta, ga ofishin ƙwadago, ga Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa, ba sai da lauya ba.

Shirye-shiryen mata na Hausa a rediyo ma suna da laifi. Ana iya cinye awa guda kan kishiya da uwar miji, amma da wuya a gayyato jami'in ƙwadago ya karanta sashe na 57 na dokar ƙwadago, mai magana kan hutun haihuwa, da Hausa. Matan da suka shiga majalisa kuma, ga aiki na jiransu: mako 12 ɗin nan bai kai mako 14 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tanada ba.