Buhunan Stasi: kwamfuta ba ta gaza ba, haƙurin hukuma ne ya ƙare

Duk lokacin da aka tayar da zancen buhunan yagaggun takardun Stasi, hukumar 'yan sandan ciki ta tsohuwar Jamus ta Gabas, da ke jibge a ma'ajiyar gwamnatin Jamus, sai wani mai ganin kansa da hankali ya taso ya ce ai an gwada haɗa su da kwamfuta ta kasa, an kashe kuɗi babu riba, a bar kaza cikin gashinta. Na gaji da jin wannan magana, musamman ganin yadda aka bar aikin ya mutu murus.

Mai bin labarai ya san asalin buhunan. Bayan faɗuwar katangar Berlin a 1989, jami'an 'yan sandan ciki na Jamus ta Gabas suka duƙufa lalata fayilolinsu. Injinan yanka takarda suka yi ta aiki har suka ƙone, sai jami'an suka koma yagawa da hannu, dare da rana. Ranar 4 ga Disamba mutanen Erfurt suka ga hayaƙi na tashi daga ofishin hukumar, suka afka ciki. Ranar 15 ga Janairun 1990 aka mamaye hedikwatar da ke Berlin. Abin da aka tarar ba a kai ga ƙonawa ba ya kai buhu kusan 16,000, cike da guntayen takarda ɗaruruwan miliyoyi.

Daga 1995 aka zaunar da ma'aikata a Zirndorf, kusa da Nuremberg, suna haɗawa da hannu. Mutum ya zazzage buhu a hankali don kada ya hargitsa jerin da aka zuba su, ya baje guntaye a tebur, ya duba launin takarda, ya duba rubutun hannu ko na tafireta, ya gwada baki da baki, in sun dace ya liƙe da salatif. Sama da shekara ashirin ana wannan, buhu wajen 500 aka gama. Yi lissafin da kanka, sauran sai an ci ɗaruruwan shekaru.

Shi ya sa a 2007 majalisar dokoki ta ba cibiyar Fraunhofer da ke Berlin kuɗin gwaji, ƙarƙashin injiniya Bertram Nickolay. Manhajar da suka ƙirƙira, e-Puzzler, tana karɓar hoton kowane guntu gaba da baya, ta tantance launinsa da layukansa da yanayin yagewar bakinsa, sannan ta nemo abokinsa. An so a gama buhu 400, aka tsaya a 23, shafi kimanin 91,000. Wannan adadi shi ne sandar da masu sukar aikin ke dukansa da ita.

Amma abin da ba sa faɗa shi ne manhajar ta yi aikinta. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen na'urar ɗaukar hoton. Guntun da ya shekara da shekaru a dunƙule cikin buhu sai an ware shi, an miƙar, an cire ƙarfen sitefila, an share ƙura, sannan a jera shi da hannu. Na'urar da ake da ita ba ta da saurin da ake bukata. To, ƙasar da duniya ke sayen injinanta ce za ta ce mana ta rasa yadda za ta ƙera na'urar ɗaukar hoton takarda? Ruwa ba ya tsami banza.

Masu cewa an riga an san komai game da Stasi, tunda akwai fayilolin da tsawonsu ya kai kilomita 111, sun manta abu guda. Wanda gida ke ci da wuta a kansa ba ya tsayawa yaga tsohuwar jarida. Abin da jami'i ya zaɓa ya yaga da yatsunsa a makonnin ƙarshe, shi ne wanda ya fi tsoron a gani: sunayen 'yan rahoto da ke aiki har lokacin, da maƙarƙashiyar da ake ƙulla wa 'yan adawa da malaman coci. Masu kukan tsada kuwa, ban ga amfanin tsayawa a kansu ba.

Akwai kuma masu cewa tone-tone yana raba gidaje. Lallai yana rabawa. Vera Lengsfeld, wata 'yar adawa a Jamus ta Gabas, ta buɗe fayil ɗinta ta tarar mijinta Knud ne ke kai rahotonta da sunan ɓoye Donald. Amma ita ta nemi ta gani, kamar yadda aka shigar da takardun neman gani sama da miliyan 3 tun da aka buɗe ƙofa a 1992. Wa ya ba wani ɗan siyasa ikon yanke wa sauran hukuncin cewa rashin sani ya fi musu alheri? Wanda aka kora daga jami'a a 1985 bai san wanda ya tsegunta shi ba, yanzu furfura ta cika masa kai. Jan ƙafar nan shi take ci, kuma tsofaffin 'yan rahoto take yi wa daɗi.

Tun 2021 takardun sun koma hannun ma'ajiyar tarihi ta tarayya. Ya kamata ta buɗe gasa ga kamfanoni su kawo na'urar da ta dace, majalisa ta saka kuɗin a kasafi, a fara da buhunan sashen da ke bibiyar 'yan adawa. Masu jiran amsa da yawansu sun haura saba'in.